Na'urar sikanin jiki ta filin jirgi: tauraro uku cikin biyar na ba ta, kuma ba radiyeshin ne ya ci sauran biyun ba

Ana saura kwana huɗu mu tashi zuwa Amurka ni da Hajiyarmu, matar Yayana ce ta haihu a can aka ce lallai sai Hajiya ta je, sai ga Kawunmu ya turo wani sakon murya a gurup ɗin gida na WhatsApp. Minti bakwai cif wani bawan Allah da ba wanda ya san shi yana rantsuwa yana ƙarawa, wai na'urar nan da ake sa mutum ya shiga ya ɗaga hannu sama tana ƙona jini, tana kashe ƙwayoyin haihuwa, tana sa kansa, sannan wai akwai turawa a wani ɗaki suna zaune suna kallon tsiraicin matanmu suna shan shayi. Hajiya ta saurara sau biyu ta ajiye wayar ta ce "Auta ni kam na fasa, jaririn ya girma ya zo ya same ni." Bayan mun biya kuɗin tikiti fa, tikitin da ba a mayar da kuɗinsa, a wannan tsadar dalar.

Ni ba likita ba ne, gyaran waya nake yi a Farm Centre, amma dai ko ba komai sana'ar ta sa na san bambancin igiyar rediyo da eksire, dan haka na kwana biyu ina karatu a kan abun kaman mai shirin jarrabawa, yanzu kuma mun je mun dawo mun shiga na'urar a ƙasa biyu, shi yasa na ce bari in rubuta yanda na gan ta dan masu shirin tafiya, musamman masu raka iyaye.

Abu na farko da na gane shi ne mutane suna haɗa na'urori daban daban su kira su da suna ɗaya. Waccan ƙofar da kake wucewa ta yi ƙara in da mukulli a aljihunka ba ruwanta da eksire, maganaɗisu ne kawai take amfani da shi ta gano ƙarfe, ita muka bi a nan gida tare da sandar nan da suke zagaya jikinka da ita. Wadda ake tura jaka a cikinta kuwa eh eksire ne na gaske, shi yasa aka sa mata labulen nan mai nauyi a baki, kuma shi yasa in jakarka ta maƙale kar ka yi garaje ka zura hannu ciki kana jawowa, na ga wani ya yi haka ma'aikacin ya daka masa tsawa kuma gaskiya ma'aikacin ya fi shi gaskiya. Sannan sai ita wannan da ake ta surutu a kanta, wadda mutum ke tsayawa a cikinta.

To ita ma ɗin iri biyu ce, kuma a nan ne maganar mutumin Kawu take da ɗan ƙamshin gaskiya, sai dai tsohon tuwo ne aka ɗumama. Mu 'yan Najeriya ba sai an tuna mana abun da ya faru ran 25 ga Disambar 2009 ba, lokacin da Umar Farouk Abdulmutallab ya hau jirgin Northwest daga Amstadam zuwa Ditiroit da sinadarin fashewa ɗinke a cikin kamfansa, ya bi ta Legas ya bi ta Amstadam ba abun da ya yi ƙara saboda hoda ce ba ƙarfe ba. Kafin nan ana ɗan gwada na'urorin jefi jefi, a Amstadam ɗin ma tun 2007 akwai su, amma bayan wannan ranar ne aka bazu da su kaman wutar daji. Wasu daga cikin na farkon, na kamfanin Rapiscan, da eksire mara ƙarfi suke aiki, ya daki fatarka ya dawo, kuma hoton da suke fitarwa wlh kusan tsirara ne, kuma da gaske wani ma'aikaci ne ke zaune a wani ɗaki daban yana kallo. Ba ƙarya a nan. A farkon 2010 majalisar fiƙihu ta Arewacin Amurka ta fitar da fatawa cewa abun ya saɓa wa suturta al'aura, ta ce gara Musulmi ya nemi a laluba shi da hannu, a wannan shekarar kuma a Mancesta ta Ingila aka hana wasu mata biyu hawa jirgin Pakistan saboda sun ƙi shiga. Har wasu malaman jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko sun rubuta wa fadar White House wasiƙa a 2010 suna cewa a sake duba lissafin, tunda yawancin hasken a fata yake tsayawa. Kenan ba mu kaɗai muka yi tsoro ba, turawan ma sun yi hayaniya son ransu.

Amma fa Tarayyar Turai ta hana amfani da masu eksire ɗin a filayen jiragenta tun watan Nuwamban 2011, ita kuma Amurka ta kwashe nata guda kusan 250 kafin watan Yunin 2013, saboda doka ta ce dole a daina nuna hoton jikin mutum kuma kamfanin ya kasa kawo manhajar da za ta yi hakan a kan lokaci. Shekara sama da goma kenan. Wadda za ka tarar yanzu a Turai da Amurka mai igiyar rediyo ce da suke ce wa milimita, dangin abun da wayarka da rautar Wi-Fi ta gidanka suke fitarwa ne sai dai ita tata igiyar ta fi gajarta, tana ratsa tufafi ta daki fata ta dawo, ba ta shiga cikin jiki kuma ba ta cikin irin hasken da ke lalata ƙwayoyin halitta kaman eksire. Ƙarfin da take fitarwa bai ko kama ƙafar na wayar da muke mannawa a kunne muna hira awa guda ba. Na gaya wa Hajiya haka ta ce to ai ita wayar ma an ce tana sa ciwon kai, na ce Hajiya to da ita kika saurari saƙon Kawu ai, ta yi dariya, daga nan dai na san za a tafi.

Yanzu ga abun da ya ba ni mamaki ni kaina. Ana auna radiyeshin, wato irin hasken nan na eksire da danginsa da jiki ke kwasa, da wani ma'auni da ake kira maikirosibat. Waccan tsohuwar mai eksire da aka kwashe, shiga ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na maikirosibat ɗaya ba. Shi kuwa jirgin da kake ɗokin hawa, in ya lula sama ya daidaita, duk awa ɗaya kana kwasar kusan maikirosibat 3 zuwa 5 daga hasken da ke zuwa daga sararin samaniya, gwargwadon tsayin da yake da hanyar da ya bi, saboda a can sama iskar da ke kare mu ta yi ƙaranci. Wato minti biyu uku a kujerarka kana jiran a kawo maka shinkafa da kaza ya kai radiyeshin da za ka kwasa a shiga tsohuwar na'urar da ake tsoro, balle sabuwar da ba ta da eksire kwata kwata. Hoton ƙirji ɗaya a asibiti kusan 100 ne. Ko kana zaune a tsakar gidanku ba ka je ko'ina ba, matsakaicin abun da ɗan adam ke samu a shekara daga ƙasa da iska da abinci kusan 2,400 ne. Duk wanda ya yarda ya yi awa takwas a kan tekun Atilantika amma yana tsoron daƙiƙa biyu a cikin akwatin gilashi, to ya tsallake rijiya da baya ne yana tsoron kwata.

Shi kenan maganar radiyeshin a wajena, ba ta ci ko rabin tauraro ba. Matsalar na'urar nan daban take kuma ba wanda ya faɗa min ita a gurup.

A wani filin jirgi na Turai da muka sauka canjin jirgi ne muka fara haɗuwa da ita. Jirginmu ya yi latti, ga tafiya mai nisa daga wannan ƙofa zuwa waccan, ina jan jaka biyu ina riƙe da hannun Hajiya, kafin mu iso layin na jiƙe sharkaf da gumi. Ni kuma da ƙauyancina na ci ado, shadda ce sabuwa fil mai aikin wuya har ciki, irin mai kaurin nan, wai dan in sauka a mutunce. Na cire agogo, bel, waya, hula, duk na zuba a tire, na shiga na taka sawun ƙafa biyu da aka zana a ƙasa na ɗaga hannu, wani abu ya zagaya ni fuuu, ko ƙiftawa biyu ban yi ba an gama, ba zafi ba ƙara ba komai. Ina fitowa na waiga na kalli allon, kuma wannan ina so kowa ya sani, allon a fili yake kai ma kana gani, ba hotonka ba ne, zanen mutum ne kaman wanda yara ke yi a allon makaranta, ba fuska ba komai, iri ɗaya ga mai ƙiba da siriri. In ba komai sai ya nuna kore a ce ka wuce. Nawa kuwa sai ga akwatuna ruwan ɗorawa har huɗu, ɗaya a ƙirji daidai aikin wuyan, biyu a hammata inda gumi ya taru, ɗaya a aljihun gefe. Abun da ke aljihun kuwa tishu ne da na duƙunƙune da ledar alawa. Ledar alawa fa jama'a.

Haka aka tsayar da ni aka laluba duk inda akwatin ya nuna, aka goga min wani ɗan ƙyalle a tafin hannu aka sa a wata na'ura dan duba ɓurɓushin abun fashewa, sannan aka sallame ni. Ni wannan bai dame ni ba sosai, namiji ne ya laluba ni kuma ya faɗa min kafin ya taɓa. Daga baya na gano ba a kaina farau ba, Jamus ta gwada irin na'urar a Hambug tsakanin 2010 da 2011 ta tarar fiye da rabin mutanen da suka shiga sai ta yi musu ƙararrawar banza, gumi da ninkin tufafi da maɓalli duk suna ruɗa ta. An ce an inganta manhajar tun daga lokacin kuma na yarda, amma duk wanda ya ƙera ta da wando da shat ya yi lissafi, bai san babbar riga ba, bai san zani da ɗankwali da mayafi ba.

Hajiya ce ta sha wahala. Shekararta 71, tana da ciwon kafaɗa, hannunta na dama ba ya ɗaguwa sama da kai, kuma ba ta jin turanci ko na sisin kwabo. Ni an riga an tura ni gaba, ita tana baya, ma'aikaciyar tana ta yi mata magana da sauri sauri tana nuna mata zanen da ke manne a gilashi, Hajiya tana ɗaga hannu ɗaya ɗayan yana rabi, aka yi sikanin aka ce bai yi ba a sake, aka sake. Na matso na ce ɗanta ne ni bari in fassara mata, aka ɗaga min hannu aka ce in koma bayan layi. Ina tsaye ina kallon uwata a cikin gilashi tana waige waige tana nemana da ido, wlh abun ya tsaya min a rai har yanzu. Da ta fito allonta ya fi nawa ado, akwati a ka saboda kitso da ɗaurin ɗankwali, akwati a ƙugu inda ta ninka zani, da wani a gefe wanda ya zama ƙullin da ta yi a bakin mayafi, goro ɗaya da rabi da 'yan kanumfari. Mace ce ta laluba ta, wannan kam ba a saɓa ba, amma a gaban kowa aka shiga tattaɓa mata kai ana matsa ɗankwalin, ba wanda ya ce mata tana da damar a kai ta gefe. Da muka zauna a bakin ƙofar jirgi ta daɗe ba ta ce komai ba sai can ta ce "Auta, ashe haka ake yi wa mutane." Ban sami amsar ba ta ba, na je na sayo mata ruwan shayi mai tsadar tsiya.

Tauraro ɗaya ya tafi a ƙararrawar banza, ɗaya ya tafi a nan. Za a ce ai laifin ma'aikata ne ba na na'ura ba, ni kuma a wajena duk hidima ɗaya ce, na'urar da ke tura rabin masu irin shigarmu wajen lalube ai ita ta jawo laluben.

A dawowa na riga na yi wayo. Yayana ya nuna min cewa hukumar TSA mai binciken filayen jiragen Amurka tana da wani layin taimako na masu lalura da tsofaffi, ana kira kwana uku kafin tafiya, muka kira. Sannan tun kafin Hajiya ta kai bakin na'urar na gaya wa ma'aikacin farko abu uku, ba ta jin turanci, hannunta ba ya ɗaguwa, kuma in za a taɓa ɗankwalinta muna so a yi a keɓe. Ba musu ba ɓata rai suka kira mace, aka kai ta wani ɗan ɗaki da mata biyu, aka bar ni na tsaya ina fassara, matar tana faɗin duk inda za ta taɓa kafin ta taɓa kuma da bayan hannu take yi a wuraren da suka kamata. Minti shida ko bakwai aka gama. Haƙƙinka ne a can ka ce ba ka shiga na'urar a laluba ka da hannu, a Turai ma dokarsu ta ba da wannan zaɓin, sai dai ka sani laluben wanda ya ƙi shiga ya fi na wanda ya shiga tsanani nesa ba kusa ba, daga wuya har idon sawu ne, kuma sai ka jira an samo mai yi. Ni da na gwada duka biyun a ido, in dai dan kunya ne to shiga na'urar ya fi sutura a yanzu, abun da ya juye kenan daga 2010. Af, kuma ba a sa mu cire takalmi ba a Amurkan, tun watan Yulin 2025 suka janye wannan dokar da ta samo asali daga mutumin nan da ya ɓoye bam a takalmi a 2001. Da Hajiya ta kai 75 ma da an ƙara sassauta mata, ta ce a'a ita ba ta gaggawa.

Masu juna biyu suna yawan tambaya, matar abokina ma ta kira ni a kan haka. Ita mai igiyar rediyon ba eksire ba ce, hukumomin lafiya ba su hana mai ciki shiga ba, in kuma hankalinki bai kwanta ba ki ce a laluba ki, ba wanda zai ci ki tara. Waɗanda ya kamata su yi magana tun kafin su shiga su ne masu na'ura a jiki, mai batirin zuciya ya faɗa ya nuna katinsa musamman kar a tsaya ana ɗora masa sandar nan a ƙirji, masu ciwon suga da ke ɗauke da famfon insulin ko abun auna suga da ake mannawa a hannu su kuma su duba takardar kamfanin da ya yi nasu, dan wasu kamfanonin sun ce kar a shiga da shi kuma kar a tura shi ta na'urar kaya. Wannan maganar likitanka ce ba ta mai gyaran waya ba.

Sai wata guda da bai kamata a haɗa ta da wannan ba. Wadda hukumar NDLEA ke amfani da ita a filayen jiragenmu ta gano masu haɗiye ƙullin ƙwaya, da kuke ji a labarai an ce sikanin ya nuna abu a cikin wane, ita wannan dole ta ga cikin ciki, eksire ne mai ratsa jiki, aikinta daban kuma ba layin kowa da kowa ba ne. In aka ce mace ta shiga irin wannan tana da ciki to ta buɗe baki ta faɗa tun kafin.

Shawarata ga mai tafiya ba ta da yawa. A ajiye shadda mai aiki a cikin akwati a sa ta in an sauka, a sa kaya marasa nauyi, a zazzage aljihu tas har takarda da tishu da carbi ba ƙarfe kaɗai ba, dan ita wannan ba ƙarfe take nema ba duk wani tudu take nema. Mai laya ko guru a ƙugu ya san za a gani kuma za a tambaya, ya shirya bayaninsa da turanci. In da tsoho kake tafe ka sa shi a gabanka kai kana baya, kar ka yi kuskurena ka riga shi wucewa. Kuma a je da wuri dan gumi ya bushe.

Ni a dawowar da tishat da wandon roba na shiga, allo ya nuna kore, ban yi daƙiƙa goma ba na wuce ina jin kaina kaman wani bature. Na rubuta duk wannan bayanin a taƙaice na tura gurup ɗin gida har da lissafin maikirosibat ɗin, mutum biyu suka sa alamar babban yatsa, Kawu bai ce komai ba sai washegari da asuba ya turo wani sabon saƙon, wannan karon a kan injin ɗumama abinci ne, minti tara. Goron Hajiya dai an mayar mata da abunta a Turai, a cikin jirgi ta cinye shi kafin mu sauka.